Ke Kika Fara Gani, Inna

Daga Kankiya, gidan Goggo na bayan tasha.

Zuwa ga mahaifiyata, a duk rugar da kuka sauka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan sallama, ina durƙusawa in gaishe ki kamar yadda ya kamata. Ina gajiyar hanya? Yaya ƙannena, yaya Baffa mijinki, yaya shanu? Ina fata kun sami ciyawa da ruwa a inda kuka nufa, tunda rashinsu ne ya tashe ku daga Bauranya. Idan kina tambayar lafiyata, ko da a zuci ne, to da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ni ce Hurera, 'yarki ta fari, wadda Goggo ta riƙa a Kankiya. Na faɗi haka ne saboda wanda zai karanta miki, don ya tabbata bai ɓata ruga ba.

Ban san inda kuke ba. Wasu sun ce ƙasar Gwari, wasu sun ce kun wuce can. Shi ya sa malamarmu ta aji bakwai ta ce in rubuta, ita za ta aika wa jarida, ko Allah zai sa wani malamin dabbobi ko wani mai sayen nono ya gani ya kawo miki. Na san abin da za ki yi idan aka fara karantawa a gaban mutane. Za ki ja zane ki rufe fuska, ki ce yarinyar nan ta tona mana asiri. Ki yi haƙuri. Ni ma kunyar nake ji. Ki tambayi kowa a Kankiya, ko a aji aka ce in miƙe in yi karatu sai muryata ta maƙale. Ban taɓa yi miki magana mai tsawon wannan ba, kuma da da baki ne, da ba zan iya ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan Babbar Sallah za a kai ni Ikko, can bakin teku, a ƙarasa mini magani, kuma likita ya ce dole sai da mace wadda za ta zauna da ni ta yi jinyata. Ke nake so. Amma kafin in roƙe ki, akwai maganar da na ji a bakin Yakumbo, yayarki, kuma tun ranar ta tsaya mini a wuya. Bari in ɗauko daga farko, don wasu abubuwan ba ki san su ba, tunda ba kya tambaya.

Tun da aka yaye ni aka kawo ni wurin Goggo, yayar Baba, Allah ya jiƙansa. Da na yi wayo na tambaye ta me ya sa ba kya kiran sunana. Ta ce, "Ke 'yar fari ce, ita kuwa Bafillatana ce, kunyarsu ta fi tamu nauyi. Ba ƙinki take ba, al'ada ce." Na yarda. Wallahi ban taɓa jin haushi ba. Har alfahari nake yi, in ce wa ƙawayena uwata ta fi ta kowa kunya.

Ran kasuwa nakan ɗauki ƙwarya in zo layin masu nono, gindin tsamiya. Da na iso sai ki kau da kai, ki ce wa ta kusa da ke, "A zuba wa yarinyar can." Sai a cika mini ƙwarya da kindirmo har baki, a ɗora curin man shanu a kai. Jummai kuwa, ƙanwata, tana kan cinyarki kina tsefe mata kai, kina kiran sunanta, kina yi mata faɗa. Har faɗan nan sha'awa yake ba ni. Amma nakan ce a raina, kindirmon nan shi ne maganarki, kuma ya ishe ni.

Sai wata ran kasuwa a farkon damina, ina aji shida. Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryata, ɗankwalina ya zame. Da na ɗago sai na ga idonki a kaina. Ba ki kau da kai ba. Kin daɗe kina kallona, har hannunki ya taso kamar za ki taɓa ni, sai kika mai da shi kika gyara faifai. Inna, ranar da gudu na koma gida, nono yana zuba a hanya. Na ce wa Goggo yau Inna ta kalle ni. Ta ce, "To a yi guɗa, 'yar gata ta sami kallo." Ko tsokanarta ba ta dame ni ba, wuni na yi ina murna.

Kasuwar da ta biyo ba ki zo ba. Kika aiko wata da ɗan ƙoƙo na man shanu an rufe da ganye, ba saƙon baki, sai dai a kai gidan Goggo. Man ya yi wani kore-kore. Goggo ta zuba a miyar kuka muka ci da tuwo, sai ɗaci ya kama mana harshe. Ta ce, "Oh ni! Zamani ya lalace, yanzu har uwarki ta fara haɗa mai da ganye don ya yi auki." Muka yi dariya, ta zubar da sauran a bayan ɗaki.

Ni ban san da komai a jikina ba sai da kaka ta yi. Ina wanka hannuna ya taɓa wani ƙullutu a ƙarƙashin kunnen hagu. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai tauri. Goggo ta latsa ta ce hangum ne, ai bara ya bi yaran unguwa kaf. Ta kwaɓa ƙasar gidan zanzaro ta shafa mini. A makaranta 'yan ajinmu suka samu abin yi, kullum sai su ce, "Hurera, ɗan sam mana goron da kika ɓoye a kunci." Hangum ɗin kowa yakan tafi cikin 'yan kwanaki. Nawa ya zauna.

Muka je disfensare. Malamin asibiti ya ce kaluluwa ce, ya yi ta yi mini allura har na kasa zama a benci. Bai ragu ba.

Da rani ya yi, ya kai ƙwan zabo. Goggo ta kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini aski ran suna. Ya taɓa, ya ce, "Wanga ai ƙurji ne ya ƙi nuna, sakiya ɗaya ta ishe shi." Ya sa kibiya a wuta har ta yi ja, maƙwabta mata suka danne ni. Ya ce a kawo ludayi, mugunya za ta cika shi. Ba abin da ya fito sai jini. Ina kwance ina ganin fuskarsa tana canjawa. Ya naɗe zabirarsa ya ce wa Goggo, "Iya, wanga ba nawa ba ne, ku nemi na gaba."

Duk wannan lokacin ina zuwa kasuwa, kina ganina. Kin ga ƙasar zanzaro ta bushe a kuncina. Kin ga tsumman da aka ɗaure mini. Kin ga tabon sakiya. Kindirmo ya ƙaru, man shanu ya ƙaru, amma bakinki yana nan yadda yake.

Abin da ya tsorata Goggo ya faru ne bayan na gama aji bakwai, wata rana ina alwalar la'asar. Na kurkure baki sai ruwa ya tsiyaye ta gefen hagu ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake. Goggo tana zaune tana murza ƙuli-ƙuli, ta ce in rufe ido. Na rufe. Ta ce, "Na ce duka biyun." Na ce ai na rufe. Sai ta ajiye abin hannunta ta yi salati.

Maƙwabta suka ce iska ce ta shafe ni, a yi hayaƙi. Malamarmu ce ta zo duba ni, ta ce a'a, a tafi babban asibiti. Kawu Sale ya baro gonarsa a Rimaye, muka shiga motar Kano ni da shi da Goggo. Ranar na fara yin tafiya mai nisa haka. Mutane suna ta yabon sabuwar kwalta, ni ko ina riƙe da ido da gefen mayafi, don iska tana shiga kuma ba ya ƙiftawa.

A asibitin aka yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, har muka faɗa hannun wani likita dogo wanda ba ya jin Hausa sosai. Wata nas mai kirki ce ke yi mana tafinta. Ya ce in ɗaga gira, in kumbura kumatu, in nuna haƙora. Har cewa ya yi in yi fito. Goggo ta ce, "Fito kuma? Ɗiya mace? Ku gaya mishi ba a gidana ta koya ba." Nas ta yi dariya, ni ma na so in yi, sai na ji rabin bakina ne kawai ya tafi. Ya haska cikin bakina da tocila, ya bi wuyana da yatsu yana latsawa. Aka ɗauki hoton muƙamuƙina da na ƙirjina.

Ya ce ido da hannu ba su isa su faɗi ko wane iri ne ba. Yawancin kumburin da ke fitowa a wurin ba mugu ba ne, ana cirewa a huta, amma fuskar nan da ta fara mutuwa ita ce ba ta yi masa daɗi ba. Sai aka kashe wurin da allura, aka yanki ɗan ƙanƙanen nama aka sa a kwalba, aka aika inda ake dubawa da madubin da ke ƙara wa abu girma. Aka ce mu jira. Muka sauka a gidan wata 'yar Kankiya da ke aure a Kano. Jiran nan ya fi sakiya zafi.

Ranar da amsa ta zo na tarar da ɗakin cike da samari da 'yan mata masu fararen riguna. Nas ta ce kada in ji tsoro, ɗalibai ne, ciwon ne ba a cika ganinsa ba, balle ga yarinya kamata, shi ya sa aka kira su su koya. Aka cire mini ɗankwali. Ni da ko a gaban Kawu ba na zama kai buɗe. Suka yi layi, kowa ya zo ya taɓa, ya rubuta. Na rufe idon da ke rufuwa. Ɗayan dole ya kalle su.

Sannan nas ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a ƙarƙashin kowane kunne akwai wani nama wanda aikinsa yin miyau. A cikin nawa na hagu ciwon ya tsiro, kuma ciwon daji ne. Jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyar naman nan ta ratsa, ta rarrabu kamar yatsun hannu, wannan ta nufi goshi, wannan ido, wannan leɓe. Irin nawa kuwa jijiya yake bi, kamar yadda duma ke bin darni, kuma ya riga ya naɗe ta.

Likitan ya tambaya yaushe aka fara gani, kuma wa ya fara gani. Na ce ni ce, da kaka, ina aji shida. Ya girgiza kai, ya nuna kan ɗan yatsansa, ya yi magana. Nas ta ce, "Ya ce da an kawo ta tun yana kamar gujiya, da wataƙila an cire shi an bar mata fuskarta."

Goggo ta fashe da kuka a gaban ɗaliban nan duka, tana cewa ita ta cuce ni da ƙasar zanzaro da kibiyar wanzami. Ni na riƙa ba ta haƙuri. Na ce mata, Goggo, lokacin da yake kamar gujiya ba wanda ya gani. Haka na ce, Inna. Kuma da gaske nake.

Mutanen gidan da muka sauka suka tsorata Kawu, suka ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa sai ya fantsama. Goggo ta ce, "Ƙarfen wanzami ya riga ya taɓa, a bar na likita ma ya gwada." Da haka aka shiga da ni ɗakin tiyata. Aka ɗora mini wani abu a hanci mai wari, daga nan ban san komai ba.

Da na farka kaina a naɗe yake da bandeji, ga wani siririn tiyo yana fitar da jini daga wuyana. An cire naman miyau duka, an cire jijiyar da shi, an cire wasu ƙulle-ƙulle a wuya. Da aka kwance, na roƙi nas madubinta. Ɗinki ya taso daga gaban kunne ya gangara har wuya. Ɓangaren dama ni ce. Na hagu kamar wata ce dabam, wadda ta yi barci ido buɗe. Kunnen ma idan na taɓa sai in ji kamar na wani aka liƙa mini.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa mai karaya a ƙafa, mai surutu. Wata rana da hantsi, maganin da aka ba ni ya sa ni barci, Goggo ta fita wanki. Da na tashi tsohuwar ta ce, "Yarinya, kin yi baƙuwa. Wata Bafillatana fara, mai tsaga a gefen baki, ta daɗe a tagar can tana kallonki. Na ce ki shigo mana, baiwar Allah, ba a cizo. Ta ce a'a, wucewa take yi."

Wucewa, Inna. Daga Bauranya har Kano, wucewa.

Ko wannan ban riƙe ki da shi ba. Na ce al'ada ce, kuma ai ta zo. Na kuma ji daga Kawu cewa karsanarki ce aka sayar aka yi ɗawainiyar tafiyarmu, kika ce kada a gaya mini. Na gode, Allah ya mayar miki da garke. Ina kwance ina ta shirya yadda zan zo kasuwa in na warke, in tsaya ta ɓangaren dama don kada ki tsorata.

Da muka dawo Kankiya aka ce kun tashi. Fari ya ƙone ciyawa, kun bi burtali kun yi kudu. Ba sallama.

Yakumbo ce ta zo daga Kusada duba ni, da goyonta a baya da fura a ƙwarya. Ta ga fuskata ta yi kuka, sannan ta so ta faranta mini rai. Ta ce, "Ai uwarki ido gare ta. Tun wata ran kasuwa da damina ta dawo ruga, lokacin ina can, ta ce mini, Adda, yarinyar Kankiya akwai abu a ƙarƙashin kunnenta, kamar gujiya. Ta ce kumburin da ba ya zafi shi take tsoro, ta taɓa ganin irinsa ga wata a rugarsu tun tana budurwa. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Na ce to ki gaya wa Goggonta mana. Ta ce, ni? Da wane bakin? A ce ina bin lafiyar 'yar fari? Sai ta shiga daji ta samo sassaƙe da ganye, ta daka ta haɗa da man shanu, ta aika a riƙa shafa miki."

Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Shafawa? Mu da muka zuba a miya!"

Yakumbo ta yi dariya har da hawaye. Goggo ma ta fara, sai ta kalle ni ta daina. Ni na tashi na zagaya bayan ɗaki. Idon hagu dama kullum cikin zubar ruwa yake. Ranar na dama ya taya shi.

Ashe ba ni kike kallo ba. Ranar da na koma gida da gudu ina cewa Inna ta kalle ni, ciwon kike kallo. Kin gan shi tun yana daidai girman da likita ya nuna da ɗan yatsansa. Kin san abin tsoro ne, har kin kasa cin abinci. Gidan Goggo kuwa daga gindin tsamiyar nan, da kin ɗaga murya ma sai a ji.

Ba sai kin kira sunana ba. Ba sai kin taɓa ni ba. Da kin ce wa matar da ta kawo ƙoƙon, a gaya wa Goggo ta duba kunnen yarinyar, shi ke nan. Da ma kin ce mata na shafawa ne, da Goggo ta tambaya a shafa a ina, da ta duba ta gani. Idan saniyarki ta ɗingisa ba kya bari a kai gobe, da kanki kike ɗaga kofaton ki duba. Na gani da idona lokacin da aka kai ni rugarku sunan Jummai. Ni me ya sa ban kai saniya ba?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa. Liman ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba ya kuskure. Goggo ta ce ko da kin faɗa, wataƙila ita hangum ɗin dai za ta ce, a bi ta disfensare da wanzami kamar yadda aka bi. Likita ma wataƙila ya ce, bai ce tabbas ba. Na yarda da duk wannan. Amma su Goggo ba su sani ba ne suka yi kuskure. Ke kin sani kika yi shiru. Kika auna fuskata da abin da matan ruga za su ce, sai maganarsu ta fi nauyi.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, ni na yi ta kare ki. Duk wadda ta ce uwar Hurera ba ta damu da ita ba, sai in ce ba ki san kunya ba ne. Yanzu ban san abin da zan ce musu ba.

Bari in gaya miki yadda nake yanzu, don kada ki zo ki firgita. Idon hagu ba ya rufuwa, sai an ɗiga masa magani an ɗaure da ƙyalle idan zan kwanta. Idan zan sha kunu sai na karkata kai dama. Wasu kalmomin ba sa fita daidai, leɓen ba ya kamawa. Na ci jarrabawar makarantar horon malamai, 'yan ajinmu sun tafi sun bar ni. Malama ta ce za a ajiye mini gurbi. Ban sani ba ko yara za su saurari malama mai irin wannan fuskar. Yaran unguwa sun daina tsokanata, yanzu shiru suke yi idan na wuce, kuma tsokanar ta fi mini sauƙi.

Maganar Ikko kuwa ga yadda take. Likita ya ce ya cire duk abin da idonsa ya gani, amma irin wannan ciwon yakan bar saiwa a jikin jijiya, ƙanana ƙwarai, sai a daɗe sannan su sake tsirowa. Akwai wata na'ura a can da ke ƙona su da wani haske wanda ido ba ya gani, shi ake kira gashi, kuma babu irinta a nan kusa. Kullum za a kwantar da ni a ƙarƙashinta na ɗan lokaci, har makonni. Ya ce baki zai bushe ya yi gyambo, abinci zai gagare ni sai mai ruwa-ruwa, jiki zai mutu, wani lokaci ko wanka sai an yi mini. Ya ce kada a yi jinkiri irin na farko, don idan ya dawo ba shi da sauran abin da zai yanka.

Kawu zai raka mu, amma namiji ba ya zama a ɗakin mata, ga gona tana jiransa. Yakumbo tana goyo. Goggo ta ce, "Ko da rarrafe sai na je." Amma Inna, tun dawowarmu daga Kano gwiwoyinta suka kumbura, ko bakin rijiya ba ta iya zuwa, ni nake ɗebo mata ruwa. Idan na tafi da ita ban san wa zai yi jinyar wani ba. Idan kuma babu mace, an ce ba za a karɓe ni ba.

To ga shi na faɗa da bakina, a gaban duk wanda ya sayi jarida. Ina so ki zo. Wannan karon ba ƙoƙon mai nake so ba, ba karsana ba, ba tsayuwa a taga ba. Ki bar wa Jummai tatsa, ta girma. Ki shiga mota ki sauka a tashar Kankiya, ki tambayi gidan mai ƙuli-ƙuli, kowa ya sani. Kada ki tsaya a zaure ki aiko. Ki shigo har ɗaki. Za mu tashi ran kasuwar farko bayan Sallah, mota zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina fushi da ke. Ban taɓa sanin ana iya fushi da mutum kuma ana son ganinsa haka ba. Idan kin zo wataƙila ba zan iya gaishe ki da fara'a ba, kuma ba duka ne laifin jijiya ba. Amma idan bakina ya yi gyambo, ke kika iya dama fura ta yi ruwa yadda za ta wuce ba tauna. Idan aka kwantar da ni ƙarƙashin na'urar nan aka rufe ƙofa, ina so in san wadda ke zaune a bencin waje. Tsoro nake ji, Inna. Ban gaya wa Goggo ba, don kuka za ta yi.

Na yi ta tunanin yadda za ki yi da kunya, don na san ba riga ba ce da za ki tuɓe a tasha. Sai na tuna abu ɗaya. Ikko tana da nisa. Babu matan ruga a can, babu 'yan layin nono, babu wanda ya san mu ko ya san wa kika fara haifa. Idan sun tambaye ki, ki ce musu ni ce auta.

Allah ya kai miki wannan takarda kafin Sallah. Allah ya tsare ku da dabbobinku, ya saukar muku da ruwa mai albarka. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Goggo lafiya, ya sa gashin nan ya zama ƙarshen wahala. Allah ya ba ni ikon yafe miki, don na gwada, har yanzu ban iya ba. Amin.

Ki huta lafiya.

Ni ce 'yarki,
Hurera.